Kakan Buzuzu a Gonar Jatau

Jatau yana haƙa rijiya a gonarsa sai ya tono dutse mai siffar buzuzu, da fukafukai da ƙafafu. Ya yi ta nuna wa mutane, wai kakan buzuzun duniya ne.

Hakimi, wanda ya daɗe yana kwaɗayin gonar, ya sa aka kira shi.

"Jatau, ka cika gari da ƙarya. Kawo wanda ya san buzuzun nan da ransa, ko ka bar min gonar."

Jatau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ai kai ne shaidata."

"Ni?"

"Kullum maroƙa suna cewa kakanka ya riga kowane mai rai zama a ƙasar nan. In haka ne, gidanku sun san shi. In kuwa ba ku san shi ba, to ya riga ku zuwa, gonar tasa ce, ni tsaro nake masa."

Hakimi ya juya dutsen, ya gyara murya.

"Af, shi ne! Kakana yana yawan ba mu labarinsa."