Igiyar da Ba a Taɓa Warwarewa Ba

Ya 'yan uwa, a nan garin namu na Yamai an yi wani mutum, ɗan kasuwa, iyayensa mutanen Tahoua ne. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da rai, kuma abin da ke kansa ya ishe shi.

Allah ya buɗa masa, ya sayi babbar mota, irin wadda muke cewa kat-kat. Wannan ba laifi ba ne, halal ɗinsa ce. Amma motar ta shige masa rai fiye da kima. Kullum tana garejin Mumuni makanike a unguwar Kalley. Yau a ɗaga ta sama, gobe a sa mata tayoyi masu kai wa mutum ƙugu. Aka sa mata bututu a gefe don injin ya riƙa shan iska daga sama in ta shiga ruwa. Aka baƙanta gilasai. A ƙarshe aka ɗaura mata injin ja a gaba, mai igiyar ƙarfe, wanda aka ƙera don fid da motar da ta kafe. Ya sa aka ɗinka wa injin nan rigar fata don kada ƙura ta taɓa shi. Riga fa, jama'a! Maƙwabcinsa na yawo da yagaggiyar taguwa, ƙarfe na sanye da sabuwar riga.

Duk Lahadi shi da abokansa sai su ƙetare gada su nufi tuddan yashi na hayin kogi. A hau tudu, a gangaro, a ɗauki hoto a waya, a dawo ana fariya.

Mutumin nan yana da uwa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana zaune a gidansa a unguwar Talladjé. Wata rana ta roƙe shi ya kai ta gaisuwa. Ta zo bakin mota, ta ɗaga ƙafa, ƙafa ba ta kai ba. Aka kawo kujera 'yar tsugunno, duk da haka ta kasa. Mutanen layi suna kallo, wasu na murmushi. Maimakon ya rungume ta ya ɗora ta, sai ya ji kunya, ya ce, "Inna, wagga mota ba ta tsofaffi ba ce. Ki shiga taksi."

Ta ce, "To, Allah shi yi albarka." Daga ranar ba ta sake roƙonsa ba. In za ta unguwa sai ta shiga faba-faba, motocin hayan nan namu, kamar kowa.

Ana nan, damina ta yi tsakiya. Wata Lahadi da hantsi ya fita shi kaɗai zai iske abokansa. Bai shiga ɗakin uwarsa ya gaishe ta ba, don haka bai san ta riga shi fita ba, ita da maƙwabciyarta Madina, za su suna a wani ƙauye bayan gari.

A kan hanyar akwai ƙorama. Kun san halinta. Sama na iya zama fes a kanku, alhali an yi ruwa can nesa, yana tafe. Da ya iso, ya tarar da faba-faba ta kafe a tsakiyar yashi, ruwa ya fara gudana iya idon sawu. Maza sun sauka suna turi. Direban ya hango igiyar ƙarfen nan, ya sheƙo da gudu, ya ƙwanƙwasa masa gilashi.

"Patron, maigida, don girman Allah ka ja mu! Ruwa na tafe, akwai tsofaffi ciki!"

Mutumin ya sauke gilashi kaɗan, ya dubi laka a hannun direban, ya ce, "Ɗauke hannunka daga motata. Ka ga na yi kama da mai jan kaya?" Ya mayar da gilashi, ya taka mota, ya ratsa ruwan ta gefensu yana fantsama musu, ya haura ya yi gaba. Ko waiwaye bai yi ba.

Me zai rage masa in ya tsaya? Ba don wannan aka yi igiyar ba?

Madina ce ta ba da labarin abin da ya faru a cikin faba-fabar, domin ashe ita da uwarsa suna ciki. Ta ce da tsohuwa ta hango kat-kat ta taga, fuskarta ta cika da fara'a, ta ce, "Alhamdu lillahi! Ku kwantar da hankalinku, wagga motar ɗana ce." Da ya wuce su, mutane suka yi cirko-cirko, ita kuwa ta ce, "Ya tafi shi juyo ne. Ai daga gaba ake jan mota."

Ruwa ya ƙaru. Direba ya ce kowa ya fita. Madina ta kama hannunta, tsohuwa ta janye, ta ce, "Ina zan kai gwiwoyin nan cikin ruwa? Ki bari, yanzu za shi zo." Wasu tsofaffi biyu da suka ji haka su ma suka koma suka zauna. Madina ta sauka ta kira maza su cicciɓo su da ƙarfi. Kafin su juyo aka ji rugugi, ruwa ya zo ja wur, ɗauke da itatuwa. Ya kifar da motar, ya tafi da ita.

Lokacin nan shi yana kan tudun yashi ana ɗaukarsa hoto.

Washegari aka sami gawarwakin tsofaffin uku a bakin kogi. A wurin zaman makoki Madina ta faɗa masa kalmomin uwarsa, ba ta rage ko ɗaya ba. Ta ce har ruwa ya rufe taga, idon tsohuwa na kan hanyar da ya bi.

Tun daga ranar mutumin nan bai sake zama daidai ba. Ya ce yana jin ana ƙwanƙwasa gilashi. A kasuwa yana ji, a sahun salla yana ji. Ana cikin magana da shi sai ya zabura ya ce, "Ina zuwa, ina juyowa." Shago ya mutu. Abokan Lahadi suka watse. Motar tana nan a ƙofar gida, tayoyi sun sace, awaki na kwana ƙarƙashinta, injin ja na cikin rigarsa. In hadari ya haɗo sai ka gan shi a ƙasa, da igiyar guga a kafaɗa, ya nufi ƙorama. Ya tsaya a baki yana duban ruwa har a je a taho da shi. Wallahi na gan shi da idona.

Wani zai ce ai bai san uwarsa na ciki ba. Haka ne, bai sani ba. Amma an gaya masa akwai tsofaffi, kuma kowace tsohuwa uwar wani ce. Girman kai ne ya ɗaga shi har uwarsa ta kasa hawa motarsa, shi ne kuma ya rufe masa gilashi.

Ya 'yan uwa, duk ƙarfin da Allah ya ba ka, na mota ne, na jiki ne, na kujera ne, amana ce, kuma akwai wanda aka ba ka dominsa. Wa ya ƙwanƙwasa maka a makon nan ka mayar da gilashi? Wa ke zaune yanzu yana ce wa mutane kana juyowa? Ka juya tun ruwa na iya idon sawu.

Ƙofar tuba a buɗe take, har gare shi. Allah ya jiƙan tsofaffin nan, ya sassauta wa bawan nan nasa. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da girman kai, kada ya sa mu wuce wanda ke jiranmu. Amin.