Baƙuncin Zalɓe

Dalilin da ya sa zalɓe yake wuni tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya a ɗage, ku matso ku ji, musamman kai Tanimu da ciwon ciki ke kamawa duk ranar shara.

Da can zalɓe a tudu yake zaune, ko ɗanɗanon kifi bai sani ba. Wata rana ya ji labarin wani tsibiri a tsakiyar teku, inda ba ka jin komai sai motsin ruwa da wasan birai a kan itatuwan kwakwa. Ya ce zai je buɗe ido na kwana biyu. Ga fukafukai Allah ya ba shi, amma don ƙiwuya sai ya shiga kwalekwalen masunta.

Mutanen tsibirin suna da wata al'ada. Kwalekwale ba ya kaiwa gaɓa, dole baƙo ya tako ruwa ya fito. Muddin ƙafarsa na jiƙe, baƙo ne, ciyar da shi wajibi ne. Da ta bushe ya zama ɗan gari, washegari da shi za a ja taru.

Gwaggo Ladidi, tsohuwar da ke saukar baƙi, ta shimfiɗa masa tabarma a bakin ruwa, ta kawo gasasshen kifi, ta faɗa masa al'adar. Zalɓe ya lashe baki ya ce, "Gwaggo, in ƙafar ba ta bushe ba fa?"

Ta ce, "Ɗan nan, ai ba a taɓa yi ba."

To, a kansa aka fara. Da ya ji ƙafa za ta sha iska, sai ya sulale ya tsoma ta ya dawo. Kwana biyu suka zama wata uku. Kunkuran ruwa suka yi ƙwai, suka ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka shige teku, baƙo na nan yana ci.

Masunta suka gaji, suka kai kuka wurin Sarkin Ruwa Jatau. Ya ce shi kam ba zai kori mai jiƙaƙƙiyar ƙafa ba. Gwaggo ta ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni da baƙona."

Washegari da rana tsaka ta kai tabarmar can gindin kwakwar ƙarshen gari, ta ƙwala kira, "Baƙo, bismilla!"

Zalɓe ya taho. Rairayi ya ɗau zafi, kafin ya kai rabin hanya ƙafa ta bushe ƙayau. Ya koma da gudu ya tsoma, ya sake tahowa, ta sake bushewa. Sau bakwai yana wannan safa da marwa, ga ƙanshin kifi, ga yunwa. Ya tsaya cikin ruwa ya ɗaga ƙafa ɗaya yana ihu, "Jama'a ku duba, a jiƙe take!"

Gwaggo ta ce, "Mun gani, ɗan nan. Ga abincinka na jiranka."

Sarkin Ruwa ya ji tausayinsa ya ce, "Malam, gobe ka fito ka kama igiyar taru. Kafin hantsi an gama, kowa da rabonsa."

Zalɓe ya ɗaga wuya ya ce, "Ni baƙo ne."

Da yunwa ta ci ƙarfinsa, sai ya shiga tsintar 'yan ƙananan kifaye ɗaya bayan ɗaya, daga safe har magariba.

Shi ya sa har yau za ku gan shi cikin ruwa yana ɗaga ƙafa. Masu jan taru tuni sun ci sun kwanta a inuwa, shi kuwa yana ta fama a rana, wai shi ba ya aiki.