Yadda Neman Auren Lantana Ya Ci Jelata

Ku matso ku ji zalunci. Tun da aka shimfiɗa ƙasa ba a taɓa cutar bawan Allah kamar yadda aka cuce ni ba, ni Kurege, mai jelar da babu irinta daga nan har bakin kogi. Ku dube ta yanzu, kamar tsintsiyar da ta shekara tana sharar kasuwa!

Shekarar da gyaɗa ta ƙi ce, cikina sai kuka yake. Tsohon barewa, Baba Cindo, yana da 'ya mai suna Lantana, kyakkyawa ta ƙin ƙarawa, masu nemanta kuwa da kaya niƙi-niƙi suke zuwa. Sai na naɗa rawanin ganyen ayaba, na zauna kan hanyar gidan ina jan carbi.

Ga Kure nan tafe da kwandon dabino, miyau na zuba.

Na ce, "Samari, ina zuwa? Ni ne kawun yarinyar."

Ya durƙusa. "Kawu, son ta nake kamar in haɗiye ta."

"Na ga alama. Amma an riga ka, an amsa wa Zaki. Shari'a kuwa ta hana nema a kan neman ɗan'uwa, sai in na farko ya janye ko ya ba da izini. Ni da ka gan ni, a kai na haddace wannan babi."

Jin sunan Zaki, Kure ya manta da kwando ya arce. Dabino kam ya samu mai shi.

Da gari ya waye sai ga Zaki da buhun gyaɗa. Na gyara rawani na ce, "Ranka ya daɗe, ka makara, an ba Kure."

"Kure? Mai ɗingishin nan?"

"Shi fa. Hukunci bai san geza ba." Shi ma na karanto masa babin har ƙarshe, don ya san da malami yake magana. Ya sunkuyar da kai, ya bar mini gyaɗa sadaka. Wa ya kai ni? Kurege, mai korar sarki da baki!

Da gari ya waye ina kwance cikin ɓawon gyaɗa, ciki ya yi tulu, sai na hango su tafe tare. Ashe kowannensu ya fita roƙon ɗan'uwansa ya janye masa, suka yi kiciɓis a mararraba, kowa na cewa, "Don Allah ka bar mini." Bayansu ga Baba Cindo da 'yarsa.

Zaki ya ce, "Baba, wannan ƙaninka ne?"

Tsoho ya ƙura mini ido. "Kaf danginmu babu mai hawa bishiya."

Lantana ta ce, "Ni ma da an tambaye ni, duk cikinku ba wanda nake so."

Takaicin wannan magana a kaina ya sauka. Na zabura zan faɗa rami, cikin da ya sha dabino da gyaɗa ya ƙi shiga. Kure ya cafki jela, Zaki ya take rawani, na fizge da kyar na bar musu gashi cike da baki.

To, in don gaskiya ne, wa ya aike ni karanto ƙarshen babin? Da na tsaya a "Shari'a ta hana", da har yau ana kawo mini kaya. Ilimina ne ya yi mini yawa, ni na ja wa kaina. Tatsuniya ta ƙare a nan. Dabinon dai, wallahi, ya yi zaƙi.