Duwatsun Jatau Magini

"Mama, in mutane biyu na kuka, hannunki ɗaya, wa za ki fara ɗauka?" Haka 'yata ta tsare ni da tambaya ina tsaka da wanki. Ga abin da na ba ta, ku ma ku saurara.

An yi wani mutum a wani gari, can da, magini ne, ana ce masa Jatau. Bawan Allah ne marar hayaniya. Wata shekara da rani mutanen garin suka yi gayya, suka ɗauko duwatsu a kan jakuna daga nesa. Duwatsun kaɗan ne, buƙata kuwa uku: ƙofar gari ta zube, zauren mai gari ya tsage, bakin rijiya ya cinye. Duk damina ruwa kan kwaso ƙazantar gari ya zuba a rijiyar, gudawa ta bi gidaje tana ɗibar jarirai.

Mai gari ya ce, "Jatau, raba su uku, kowa ya samu."

Jatau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, in na raba, ba wanda zai tsaya. Na aiki ɗaya ne."

"To, ƙofa. Baƙi ita suke fara gani."

"Ranka ya daɗe, ƙofa ba ta taɓa kashe ɗan kowa ba."

Fadawa suka yi dariya, wani ya ce yau magini ya zama boka. Mai gari ya ce ya je ya yi rijiyarsa, amma kada a sake ganinsa da aiki a garin.

Ku saurara. Ya gina bakin rijiyar shi kaɗai. Damina ta zo ta wuce, ba a haƙa ƙananan kaburbura ba. Wa ya gode masa? Babu. Uwar da ɗanta bai mutu ba, ina za ta san an cece shi? Ƙofar da ta zube kuwa kullum ana ganinta, kullum ana zaginsa. Jatau ya tsufa yana facin katangu a ƙauyuka. Yaran nan da ya ceta suka girma, suna kiransa wanda ya kunyata gari.

Darasin a fili yake. In abin hannu kaɗan ne, a fara da abin da ke kisa, ko da ba mai yabo. Ke da ke karanta wannan, kai ma: ranar da aka tara gudunmawa a unguwarku, kada ku yi shiru a raba don a faranta wa manya. Ku tambaya me ke kashe yara. In kun ji kunyar tambaya, ku sani ba a gidan manyan za a yi zaman makokin ba.