Zaki da Amfilifaya Biyu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha labari.

Zaki ne ya tsufa, ya daina yarda da kowa. Ya nemi amfilifaya, na'urar ƙara sauti, a ɗakinsa don ya riƙa jin faifan rurinsa. Dila ya kawo wata irin ta da, mai kwalaben lantarki a ciki, Kunkuru ya kawo wata ta zamani, mai tiransista.

Zaki ya taɓa ta Dila, ya ce, "Me ka ɓoye a ciki take zafi haka?"

Dila ya ce, "Ranka ya daɗe, sai ta ɗumama take daɗin murya."

Aka kunna, rurin ya fito da taushi kamar waƙa, har Barewa ta matso tana rangaji.

Zaki ya ce, "Wato so kake a daina tsorona."

Kunkuru ya ce, "Tawa ba ta ƙari, ba ta ragi."

Aka kunna, sai ga rurin tsaf, har da shaƙewar tsufa da tari. Fadawa suka sunkuyar da kai.

Zaki ya ce, "Kai kuma asirina ka zo tonawa. Wa ya aiko ku?"

Dila ya ranta a na kare, Kunkuru ya shige ƙoƙonsa. Shi ya sa har yau da waige yake tafiya, Kunkuru kuwa ko tari ya ji sai ya shige ƙoƙonsa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, tatsuniya ta koma gida.