Tabon da ke Bayan Kunne

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogi ne a fiƙihu da tafsiri, ma'abucin zuhudu da tsantseni, wanda ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba cikin shekara ashirin da na yi ina ɗaukar karatu a gabansa. Daga cikin karamominsa akwai wadda ta auku a gidanmu, a kan idona.

Mahaifiyarmu ta kamu da ciwon mantuwa na tsufa, sai yayata ta ajiye aikin koyarwa ta zauna jinyarta shekara shida cur, daga wanka da wankin zanin gado, zuwa ɓoye makullin ƙofa don kada Inna ta fice titi ta ɓata. Ni kuwa, abin kunya, nawa leƙowa ne ranar hutu da tarin shawarwari kamar wani likita. Kullum da la'asar Inna takan tashi neman ƙaramar 'yarta don ta taje mata kai, in Yaya ta ce, "Inna, ni ce fa 'yar taki," sai ta daka mata tsawa: "Ke baƙuwa, ina kika kai mini yarinya?"

Wata rana Yaya ta ce mini, "Ƙanena, ba aikin ne ya ishe ni ba. Tsoro nake ta rasu tana ganina ɓarauniyar 'yarta, ba ta sa mini albarka ba." Sai na kai ta gaban Shehu.

Ya saurare ta, ya sunkuyar da kansa mai albarka, sannan ya ce, "Ki daina gaya mata ko ke wace ce. Gobe da la'asar ki zauna ƙasa gabanta, ki kwance ɗankwali, ki miƙa mata mataji. Akwai abu a bayan kunnenki na hagu da hannunta bai manta ba."

Yaya ta kai yatsa wurin ta yi salati, domin wani ɗan tabo ne da gashi ya rufe, wanda ta samu tana shekara huɗu da ta faɗo daga kan keken ɗinkin Inna. Ni da muke ciki ɗaya ban san da shi ba, balle Shehu da bai taɓa ganinta ba sai ranar.

Washegari ta yi yadda ya umarta, ina tsaye bakin ƙofa. Inna ta karɓi mataji tana harara, ta fara tajewa, har yatsanta ya kai kan tabon ya tsaya. Ta shafa, ta sake shafawa.

"Au, 'yar rigimata, ke ce? Ban hana ki hawa keken nan ba?" Ta duba furfurar da ke hannunta. "Wa ya wahalar mini da ke haka?"

"Babu kowa, Inna."

"To, Allah Ya yi miki albarka."

Na yi kuka ban ɓoye ba. Da gari ya waye Inna ta sake mantawa, amma Yaya ta ƙara shekara biyu tana miƙa mata mataji kowace la'asar, ba ta sake cewa ta gaji ba.

Da na ba Shehu labari, murmushi ya yi ya ce, "Hannun uwa ne, da rahamar Ubangiji." Allah Ya ɗaukaka darajarsa, Ya ba mu albarkacinsa, Ya jiƙan Inna, Ya saka wa Yaya da irin abin da ni na kasa.