Jitar Baba da Gyaran Auta

Akwai wani dattijo makaɗin jita, irin wadda ake jona wa lasifika. Da ita ya ciyar da gidansa har yara suka girma. Sai Allah ya jarrabce shi da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma yatsun hannun hagu suka yi nauyi, ba ya ma jin abin da suka taɓa sosai.

Likita ya ce maganin yatsun nan motsi ne. "Tunda kai makaɗi ne, koma wa jitarka. Idan ka bar su suka kwanta, sun kwanta ke nan."

Kullum da hantsi Baba yakan zauna bakin gado yana fama. Tsirkiyoyin sun yi masa tsauri, sai ya cije leɓe kafin ya danne guda. Amma idan ta dannu, sauti yakan fita garau.

Autansa mai gyaran waya ne, magidanci, mai saurin hannu da saurin yanke shawara. Abin ya tsaya masa a rai. Ran nan da Mama ta raka Baba asibiti, ya ɗauko jitar ya ɗora kan tebur. A gindinta akwai ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa, makaɗa suna ce masa jaki, kowace tsirkiya da 'yan sukurorinta. Auta ya sa ɗan makulli ya yi ta murɗawa har tsirkiyoyin suka kusa kwanciya a kan ƙarafan da ke gicciye a wuyan jitar.

Shi bai iya kiɗa ba. Ya kaɗa su haka nan ba tare da ya danna ba, ya ji lafiya lau. Ya mayar da ita mazauninta, yana murna zai ba Baba mamaki.

Washegari Baba ya danna, ya kaɗa. Sai wata ƙara ta fito kamar ƙuda a cikin kwalba. Ya matsa gaba, haka. Ya saki ya kaɗa, garau. Ya sake dannawa, ƙuda ya dawo.

Duk makaɗi ya san yatsa marar ƙarfi yakan jawo irin wannan ƙarar. Don haka Baba bai dubi jitar ba, hannunsa ya duba.

"Jiya ta fi yau," ya ce a hankali. "Baya nake komawa."

Auta yana bakin ƙofa. Maganar ta zo masa har baki, ya haɗiye. A gidan nan ko ƙura ba mai share wa jitar sai mai ita. Ya ce a ransa, bari in gyara a ɓoye.

Amma Baba ya zare wayar lasifikar, ya sa jitar a jakarta, ya tura ƙarƙashin gadon da yake kwance a kai dare da rana. Ya daina motsa yatsun. Ranar asibiti ta zo, ya ce ba inda za shi.

"Malam, ka tashi mana," in ji Mama. "Ko don hawan motar da kake so."

"Ki bar ni. Icen da ya bushe, ban ruwa wahala ce."

"To ka ci abinci."

"Na ci jiya."

Kwanaki suna tafiya, hannun yana ƙara dunƙulewa. Auta yakan leƙo ya gaida shi ya fice da sauri. Mama ta lura. Ta tare shi a kicin tana yanka albasa.

"Kai, tun kana goye na san tafiyarka idan ka yi ɓarna. Me ka fasa?"

Ya gaya mata. Ta ajiye wuƙar.

"Innalillahi. Ubanka yana can yana yi wa hannunsa takaba, kai kana nan kana tsoron faɗa? Wuce."

Ya shiga ya durƙusa. "Baba, ba hannunka ba ne. Ni na sauke tsirkiyoyin, don su yi maka laushi."

Baba ya nuna jakar jitar, ya ce, "Jawo ta."

Ya ɗaga jitar saitin idonsa ta wajen taga, ya bi wuyan da kallo. Ya girgiza kai.

"Ko takarda ba za ta wuce nan ba. Ka ɗauka waya ce, a ɗaure ko'ina tamau? Tsirkiya rawa take yi, Auta. Idan aka hana ta fili, sai ta yi ta dukan ƙarfe." Ya dubi hannunsa. "Na zagi bawan Allahn nan ba laifinsa."

"Ka yafe mini, Baba."

"Ɗauko makullin naka. Niyyar ba ta da laifi, hankalin ne bai zo aiki ba ran nan."

Suka zauna. Auta ya murɗa kaɗan, Baba ya daidaita sautin, ya bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Inda ƙuda ya yi kuka, a ɗaga kaɗan. Suka bar wa tsirkiyoyi masu kauri fili fiye da sirara, don sun fi faɗin rawa. Sai da la'asar ta yi suka sami wurin da yatsa zai iya dannawa kuma sauti ya fita.

Baba ya fara wani tsohon kiɗansa. Yatsu uku suka bi shi da ƙyar. Ƙaramin, wanda kafin kwanciyar nan ya fara motsi, ya ƙi miƙewa. Da aka zo wurinsa, ƙarar ta sake fitowa.

Auta ya yi wuf ya kai hannu ga makulli.

Baba ya riƙe masa hannu. "Bar shi. Wannan tawa ce."

Ya sake komawa farkon kiɗan.

Darasi: Alheri ma yana son sallama kafin ya shiga. Idan za ka sauƙaƙa wa mutum, tambaye shi, don shi ya san inda ke masa ciwo. Idan kuma ka yi kuskure, faɗa da wuri, kada wani ya ɗauki laifinka ya ɗora wa kansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu jinyar iyaye.